Idan Gashi Ya Ƙi Kyau a Babban Obin: Yadda Ake Bin Sawun Matsalar

A yawancin gidajen burodi, idan gashin asuba ya fito da matsala, kafin a gama sauke gwangwanaye an riga an yanke hukunci. Mai kwaɓi ya ce obin ne, mai tsaron obin ya ce yis ɗin da aka sayo jiya ne, maigida kuma ya kira dilan fulawa a waya yana faɗa. Washegari sai a taɓa abu uku lokaci guda: a ƙara wuta, a sauya yis, a rage ruwa. In gashin ya gyaru ba a san abin da ya gyara shi ba, in ya ƙara lalacewa ba a san inda za a koma ba. Buhun fulawa mai kilo 50 kuwa ya wuce abin da za a riƙa lalube da shi.

Bincike yana da tsari. Ana farawa da obin, domin shi ne ya fi sauƙin aunawa, sannan a koma kan kwaɓi. Kuma a kowane gashi abu ɗaya tak ake canjawa.

Mataki na farko: gano ainihin zafin da ke ciki

Lambar da ke jikin abin murɗawa, ko wadda ke haskawa a fuskar obin, abin da ka nema ne take nuna maka. Abin da ke cikin obin ɗin kuwa sai an auna. Kana bukatar ma'aunin zafi iri biyu: na ƙarfe da ake ajiyewa a ciki, da mai tsinke da ake soka wa burodi ko nama. Kuɗinsu duka bai kai asarar gashi ɗaya ba.

Ka ajiye na ƙarfen a tsakiyar obin, ka sa digiri 180, ka rufe ƙofa. Obin mai fanka yakan daidaita cikin minti 20 zuwa 30. Mai hawa-hawa da ke da daɓen dutse yana bukatar minti 45 zuwa awa guda, saboda iskar ciki tana yin zafi tun dutsen bai ɗauka ba. Nan ne yara ke yaudaruwa: fitilar da ke nuna obin yana ɗaukar zafi ta mutu, sun ce ya kai, sun zuba burodi a kan dutse mai sanyi.

Kada ka karanta sau ɗaya ka tafi. Obin yana kunna wutarsa yana kashewa, zafin yana hawa yana sauka. Ka leƙa ta gilashi sau uku ko huɗu, minti 10 tsakani, ka ɗauki tsaka-tsakinsu. Bambancin digiri 5 zuwa 10 ba abin damuwa ba ne. In ya kai 15 ko 20 kuma kullum haka yake, ka rubuta a takarda ka manna kusa da abin murɗawar, kowa ya san in ana son 180 sai a sa 200. In kuwa yau ya wuce, gobe ya gaza, to ka leƙa ciki ka nemi siririn ƙarfen nan da ke jin zafi, yawanci yana manne a bangon baya ko sama. Sau da yawa za ka tarar maiƙo ya daskare a jikinsa, ko tire ya buge shi ya fita daga maƙalinsa yana taɓa bango. A goge shi a mayar wurinsa kafin a kira kowa.

Masu sayen obin na hannu da aka shigo da shi daga Amurka su lura da harafin da ke gaban lamba. In F ne, 350 ɗinsa daidai yake da kusan 177 na C, 400 kuma kusan 204. Duk lambobin da ke cikin wannan bayani na C ne.

Mataki na biyu: gano inda wuta ta fi ci

Babu obin da zafinsa yake daidai ta ko'ina. Abin da ake so shi ne ka san halin naka. Ka samu burodi mai yanka-yanka, fari, ka jera a tire har ya cika daga lungu zuwa lungu, ka yi haka a kowane hawa, ka sa a digiri 180 na minti 6 zuwa 8 ba tare da juyawa ba. Da ka fitar, ka ajiye tirarrukan a tebur yadda suke a ciki, na baya a baya. Za ka ga abin da ido: wataƙila yankan lungun hagu na baya sun yi baƙi har suna hayaƙi, na tsakiya sun yi ja mai kyau, na bakin ƙofa suna nan fari fat kamar ba su shiga ba. Ka juya su ka duba ƙasansu ma. Ka ɗauki hoto da waya, zai yi maka amfani nan gaba.

In na bakin ƙofa ne kawai suka yi fari, ka zargi robar ƙofa. Obin yana sanyi, ka sa takarda a bakin ƙofar ka rufe ka ja. In ta zame ba tare da turjiya ba, zafi na tserewa ta nan. Ka gwada sama, ƙasa da gefe biyu, domin wani lokaci robar lafiya lau take, ƙofar ce ta sauka. In kuma gefe ɗaya ne ya yi fari daga gaba har baya, to wutar wannan gefen ce ba ta ci. In kana da kek da ke fitowa gefe ya fi gefe tudu, ka ɗora tire mai ɗan ruwa a ciki ka ga inda ruwan ya karkata. Daɓen ɗakin ne bai daidaita ba, sai a yi wa ƙafar obin ciko.

Mataki na uku: duba abin da ke ba da wutar

Obin na gas, ka durƙusa ka kalli harshen wutar. Shuɗi ake so, tsayayye, tsawonsa ɗaya daga farkon bututu zuwa ƙarshe. Ja ko rawaya mai lilo, wanda ke barin baƙin hayaƙi a gindin gwangwani, yana nufin iska ba ta ishe shi ba ko ramukan sun toshe. Ƙurar hunturu da garin fulawa suna toshe su sosai. Irin wannan wuta zafinta kaɗan ne, kuma tana fitar da iska mai guba marar wari. In ma'aikata suna yawan kukan ciwon kai da jiri a ɗakin gashi, kada ka ɗauka gajiya ce, a buɗe tagogi a gyara wutar a ranar. Wani obin da aka shigo da shi daga waje an ƙera shi ne don gas na bututun gari, wanda ƙofar fitarsa ta fi faɗi. In aka jona masa na tukunya ba a canja masa kai ba, wuta ce za ta yi ta tashi ja tana baƙanta komai.

Akwai wata matsala da ke rikita mutane: gashin farko ya yi kyau, na biyu ya yi dama-dama, na uku ya ƙi nuna. Ka je ka taɓa tukunyar gas. In ka ga ta yi raɓa, ko ma farin ƙanƙara ya kwanta a ƙasanta, ta yi wa obin ɗin ƙanƙanta. Gas ɗin ruwa ne a ciki, sai ya jawo ɗumi daga jikin tukunya yake zama iska. In ana zuƙarsa da sauri tukunyar takan yi sanyi, ƙarfinsa ya faɗi. Tukunya mai kilo 12.5 ba za ta riƙe babban obin ba. A haɗa manya biyu ko fiye su yi aiki tare, a ajiye su a tsaye a wajen ɗaki. Kada a kusanta musu wuta ko a kwara musu tafasasshen ruwa wai don su farfaɗo. Yoyo kuma da kumfar sabulu ake nemansa a mahaɗar tiyo, ba da ashana ba. In ka kunna obin ya ƙi kamawa, ka rufe gas, ka buɗe ƙofa na wasu mintuna kafin ka sake.

Na lantarki, ƙarfin wuta ne babban abin dubawa. In ƙarfinta ya ragu da kashi 10 cikin 100, zafin da ƙarafan ke bayarwa yana raguwa da kusan kashi 19. Shi ya sa gashin da ke ɗaukar minti 30 da rana yake neman 40 da magariba. Obin mai layi uku kuma, in layi ɗaya ya ɗauke, fitilunsa na iya ci gaba da haske alhali wani sashe na ƙarafan ya mutu. Sannan in an taɓa wayoyi, ko an koma kan sabon janareta, aka musanya layi biyu, fanka mai layi uku za ta juya a baibai. Ƙararta ba za ta canja sosai ba, amma gashi zai fito rabi ja rabi fari. Yawanci akwai kibiya a jikin injin da ke nuna inda ya kamata ta juya.

Masu obin na bulo da itace, naku ya fi bukatar haƙuri. Bayan an kwashe garwashi, a share daɓe da jiƙaƙƙen tsumma, a rufe ƙofa na minti 20 zuwa 30 zafi ya bazu. Saurin zuba burodi shi ke kawo ƙonannen gindi da ɗanyen ciki. A barbaɗa ɗan garin fulawa a daɓen: in ya yi baƙi nan take yana hayaƙi, a ƙara jira, in ya yi ja a hankali, ya yi. Da damina a tanadi busasshen itace, kuma taya, roba da katako mai fenti ba su da wuri a inda ake gasa abin da mutane za su ci.

Mataki na huɗu: yadda ake loda shi

Obin da ya ci jarrabawa yana wofi zai iya faɗuwa in an cika shi. Gwangwanaye masu sanyi da ɗanyen kwaɓi suna shanye zafi, ga ƙofa a buɗe ana lodi. Ka ɗumama shi da ƙarin digiri 15 zuwa 20 a kan abin da kake so, ka loda da sauri, ka rufe, sannan ka mayar da shi lambarsa. Ka bar tazarar yatsa biyu ko uku tsakanin gwangwanaye. Tsakanin gashi da gashi a ba shi kamar minti 10 ya dawo hayyacinsa, ko da masu sari suna tsaye a ƙofa. In ka koma obin mai fanka daga marar fanka, ka rage digiri 15 zuwa 20 daga abin da ka saba, ka kuma fara dubawa da wuri.

Mataki na biyar: karanta burodin

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Bayan ka tabbatar da obin, sauran laifin a ɗakin kwaɓi yake, kuma burodin da kansa zai faɗa maka in ka bari ya huce ka yanka shi ta tsakiya.

Ɓawo ya yi duhu, ciki yana danƙo: wuta ta yi yawa. Burodinmu na nan yana da sukari da bota da yawa, sukari kuma yana sa ja da wuri, don haka digiri 220 da za ka ji ana faɗa wa burodin Turawa marar zaƙi zai ƙona naka. Ka tsaya tsakanin 180 da 200, babban gwangwani ya fi son ƙasa-ƙasa da ƙarin lokaci. Ƙwanƙwasa gindi a saurari ƙara dabara ce mai kyau, amma tsinken ma'auni ya fi ta gaskiya: tsakiyar burodi ta kai 90 zuwa 94. In gindi kaɗai ke ƙonewa, ka rage wutar ƙasa, ko ka ɗora gwangwanin a kan tire biyu. Baƙin gwangwani ya fi fari jan zafi, saboda haka kada a gauraya tsofaffi da sababbi a gashi ɗaya a yi tsammanin launi ɗaya.

Burodi ya nuna amma ya ƙi ja: nan ake yawan zaluntar obin. Ka sansana. In kana jin tsami, cikinsa kuma ramuka ne manya marasa tsari, kwaɓin ya wuce tashi, yis ya cinye sukarin da zai ba da launi. Ƙara wuta ba zai gyara wannan ba. Tun kafin a sa a obin ake ganewa: ka danna kwaɓin da yatsa a hankali. In ramin ya ciko nan da nan, da saura. In ya ciko sannu-sannu ya bar ɗan gurbi, lokaci ya yi. In ya zauna yadda ka danna, ko kwaɓin ya saki iska, an makara.

Abin da ke sa a makara a ƙasarmu yawanci yanayi ne. Agogon da ya yi maka aiki a watan Janairu zai ci amanarka a Afrilu, lokacin da zafin Kano ko Sakkwato ko Maraɗi ke haura digiri 40. Ana son kwaɓi ya fito daga inji a digiri 25 zuwa 27, kuma ruwa ne kaɗai abin da ke hannunka. Lissafin ba wuya: ka ninka zafin da kake so sau uku, ka cire zafin fulawa, zafin ɗaki, da ɗumin da inji ke ƙarawa. A ce kana son 26, sau uku 78. Da bazara fulawa 33, ɗaki 35, inji a ce 8. Abin da ya rage 2 ne, wato ruwan ƙanƙara. Da asubahin hunturu fulawa 20, ɗaki 18, inji 8. Saura 32, ruwa mai ɗan ɗumi. Ɗumin inji ya bambanta daga wani zuwa wani, sai ka auna kwaɓinka sau biyu ko uku ka gane naka. Ƙanƙarar a cikin nauyin ruwan za a lissafa ta, ba ƙari ba ce.

Burodi ya tsage ta gefe ya yi baki: bai gama tashi ba aka sa shi, sai ya yi sauran tashin da ƙarfi bayan ɓawo ya riga ya kafe. Da hunturu kuma busasshiyar iska tana yi wa kwaɓi fata tun yana jira, fatar ta hana shi miƙewa. A rufe shi da leda, a ajiye bokitin ruwan zafi a ɗakin tashi, kuma a tabbatar ɗinkin naɗin yana ƙasa.

Gefuna sun lotsa ya yi ƙugu: ko dai gefen bai gasu ba saboda an matse gwangwanaye, ko an bar shi a gwangwani yana gumi bayan fitowa. A juye shi nan take a kan raga. Ya yi nauyi bai tashi ba: a gwada yis a ruwan ɗumi da ɗan sukari, in minti 10 ta wuce babu kumfa ya mutu. In yis lafiya, a ja ɗan kwaɓi tsakanin yatsu. Wanda ya bugu yakan miƙe siriri har haske ya ratsa bai yage ba. Gishiri kuma a auna shi a sikeli, kashi 1.5 zuwa 2 cikin 100 na nauyin fulawa. Awon hannu ne ke sa burodin Litinin ya bambanta da na Talata. In wani ya kawo maka farin gari a ƙulle ya ce zai sa burodi ya kumbura ninki, ka tambayi sunansa. Sinadarin bromet dai, wanda yake irin wannan farin gari ne, NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, ta haramta shi a burodi saboda illarsa ga lafiya.

Fumfuna cikin kwana biyu, da raɓa a cikin leda: an ɗaure shi da zafi. A jira tsakiyarsa ta sauko kusan digiri 35. Akwai kuma wata lalacewa ta lokacin zafi da ta fi fumfuna muni: cikin burodi ya yi laushi yana yauƙi, in ka raba shi zare-zare na biyo hannu, yana warin 'ya'yan itacen da suka nuna suka wuce. Ƙwayar cuta ce da wutar obin ba ta kashe ƙwanta. A daina mayar da tsohon burodi cikin kwaɓi, a wanke inji, tebur da wuƙaƙe da ruwan binega, a gasa sosai, a sanyaya da wuri.

Kek da mitfai

Kek da ya yi tozo ya fashe a sama wuta ce ta yi masa yawa; 160 zuwa 170 ta ishi mai kauri. Wanda ya faɗa ta tsakiya, ko an buɗe ƙofa tun bai kafu ba, ko bekin hoda ta yi yawa, ko an fitar da shi bai nuna ba. Kada a taɓa ƙofa sai ya ci kashi biyu cikin uku na lokacinsa. Mitfai mai jiƙaƙƙen gindi, haɗin ciki ne aka zuba da zafi ko da romo. Mai fashewa kuma ba a huda samansa da cokali mai yatsu ba. In yana tsiyayar mai a tire, botar ta narke tun a tebur, sai a sa shi a firji na ɗan lokaci kafin gashi.

Kaza, rago da gyaɗa

Kukan masu gasa kaji biyu ne: fata ta ƙi ja, ko ƙirji ya bushe cinya da jini. Na farko ruwa ne. Kazar da aka wanke aka sa kai tsaye, ko aka cunkusa goma a tiren da zai ɗauki shida, dahuwa take yi a tururinta. A tsane ta da tsumma mai tsabta, a ɗora a kan raga, a bar fili tsakani, in obin yana da mafitar tururi a buɗe ta. Na biyun kuma yawanci kaza ce da ba ta gama sakin ƙanƙara ba, ko an haɗa manya da ƙanana a tire ɗaya. A soka tsinke a inda cinya ta fi kauri ba tare da taɓa ƙashi ba, sai ya nuna 75. Launin ruwan da ke fita ba hujja ba ne. Yajin da ke da ƙuli-ƙuli yana ƙonewa ya yi ɗaci a wuta mai ƙarfi, gara a barbaɗa mafi yawansa dab da saukewa.

Cinyar rago ko kazar gida mai tauri ba ta son gaggawa. A rufe ta, a ba ta digiri 150 zuwa 160 har cokali ya shige ba gardama, sannan a buɗe a ɗaga wuta zuwa 210 na minti 10 zuwa 15 ta yi ja. In an sauke a bar ta ta huta kwata na awa kafin a sa wuƙa, in ba haka ba romon a faranti zai ƙare. Gyaɗa kuwa a baza ta siriri, digiri 150 zuwa 160, ana motsawa, a sauke tun launinta bai kai yadda ake so ba, a juye ta daga tiren, domin tana ci gaba da soyuwa da zafin jikinta.

In ya zama dole a kira mai gyara

Ka ajiye littafi a gefen obin: kwanan wata, zafin ruwa, zafin kwaɓi, tsawon tashi, lambar da aka sa, abin da ma'auni ya nuna, minti nawa, da yadda ya fito. Layi ɗaya ne a kowane gashi. Warin gas, wayar da ke zafi, fankar da ke gurnani, ko zafin da ke hawa ba ya tsayawa, waɗannan ba na gwaji ba ne, a kashe a kira wanda ya iya. In ya zo, kada ka ce masa kawai obin ba ya gashi. Nuna masa littafin da hoton yankan burodin nan, ka ce, "Malam, in na sa 180 yana ba ni 155, kuma gefen dama ne ba ya ci." Ka nemi ya bar maka duk abin da ya cire, kuma kafin ka cika masa kuɗinsa a sake jera yankan burodi a tire a gwada yana tsaye.